Kunne da Motar Auta

A layin masu gyaran mota ba wanda ya san sunan da ubansa ya raɗa masa. Kunne ake ce masa, kuma ya ci sunan. Shekara arba'in da ɗoriya yana aikin wutar mota a rumfa ɗaya, mai faci a damansa, mai walda a hagunsa. A zamanin da yake tashe, direba ba ya wahalar da bakinsa wajen bayani. Mota na shan kwanar layin, shi yana zaune a benci da kofin shayi, zai ɗaga kai ya ce, "Bel ya saki," ko kuwa, "Boris ɗin altaneta ne." A buɗe bonet a tarar haka ɗin ne. In ciwon ya ɓuya, sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa mai ƙotar katako, ya dafa bakinta a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Duk wanda ya yi tari a lokacin sai ya sha harara.

A cikin kayan mota duka, altaneta ce abar alfaharinsa. In mutum ya zo yana kukan batirinsa ya mutu, ya sayi sabo shi ma ya bi sahu, Kunne yakan zaunar da shi ya yi masa karatu ko bai tambaya ba. "Batir randa ce," in ji shi. "Altaneta ce rijiyar. Inji na juyawa, tana ɗebowa tana zubawa. In rijiya ta ƙafe, ko randa goma ka saya shanye su za ka yi ka zauna." Wasu su gane, wasu su gyaɗa kai don a sallame su.

Kuma yana da hatimi, wanda ya gada wurin maigidan da ya koya masa aiki a kan manyan motocin da. In ya gama gyara ya mayar da altaneta, sai ya sa a tayar da inji a kunna fitilun gaba, ya kira mai motar ya tsaya kusa. Sannan ya sassauta kan batir da sifana, ya zare shi inji na aiki, ya ɗaga sama kowa ya gani. Idan altaneta ba ta da lafiya, nan take inji zai mutu. Idan kuwa ya ci gaba da ruri babu batir, to aiki ya yi. "Ga ta nan, da ƙafarta take tsaye," haka yake cewa, kullum da murya ɗaya. Ya yi wannan sau dubbai. Akwai direbobin da ba sa yarda an gama gyara sai sun ga kan batir a sama.

Daga baya motoci suka canja hali. Aka shigo da waɗanda aka lulluɓe injinsu da roba, masu ƙwaƙwalwa a ɓoye a wani lungu, wai ita ke ba da umarnin mai da wuta. Tsallaken titi aka buɗe shago mai ƙofar gilashi, inda ake jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta da bakinta. A can ba a buɗe cikin altaneta. A kwance ta, a jefa bayan shago, a ɗaura wata. Kunne ya ce wannan ba gyara ba ne, musaya ce, ko mai sayar da tumatir zai iya. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta hana motoci wucewa ta gaban rumfarsa su tsallaka titi ba. Tsofaffin mutanensa, wani ya mutu, wani motarsa ta mutu, wani ya miƙa wa ɗansa makulli, ɗan kuwa bai san da zaman wani Kunne ba. Aka bar shi da gyaran hon da fitilar baya na motocin da suka zama akwala. Wani yinin har rana ta faɗi bai taɓa sifana ba.

'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya bi sana'ar, kuma wannan bai ci masa rai ba kamar ranar da ya hango motar babban cikinsu a shagon gilashi, bonet a buɗe. Bai yi masa maganar ba. Ya dai daina tambayarsa lafiyar motar.

Mutum ɗaya ce ta rage da har yanzu ta yarda babu abin da ya gagari hannunsa, ita ce autarsa. Auta tun tana makaranta take cika wa ƙawaye baki cewa babanta yana jin ciwon mota kamar yadda likita ke jin ƙirji. Ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure, ba ta daina faɗa ba. Kunne bai taɓa biye mata a kan haka ba, in ta fara ma tsawa yake yi mata ta yi shiru. Amma da wannan yardar yake tashi kowace safiya ya je ya buɗe rumfar da ba kowa. Matarsa ta sani, shi ya sa ba ta taɓa ce masa ya zauna a gida ya huta ba.

Shekara takwas Auta tana bin layin bas kafin ta sayi mota, ta hannu, 'yar ƙarama ruwan toka, irin masu ƙwaƙwalwar nan. Ba ta cika wata huɗu ba jan hoton batir ya fito a dashbod ya ƙi tafiya.

Ranar Asabar da hantsi ta kawo ta, tare da mijinta, wani ma'aikacin ofis mai ladabi har ya yi yawa, wanda Kunne ke kira Ɗan Ofis a bayan idonsa. Aka gaisa, aka tambayi yara.

"Baba, sau biyu tana kunyata ni a ƙofar asibiti," in ji Auta. "Sai da masu gadi suka tura ni. Fitilun kuma sun dushe kamar masu jin barci."

"Na saya mata sabon batir, Baba," in ji Ɗan Ofis. "Kwana biyar ya yi."

"Randa ka saya," in ji Kunne.

Ɗan Ofis bai gane ba, ya yi murmushi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce da ma shi ya so a leƙa tsallake tukuna a jona mata kwamfuta, don a san inda aka dosa.

"Ubana yana raye zan tsallaka titi da motata?" in ji Auta. "Buɗe masa bonet kawai."

Kunne ya yi kamar bai ji ba, amma sai da ya juya baya ya daɗe yana neman sifanar da ke gabansa.

Bai yi gaggawa ba. Ya danna bel da babban yatsa, a ɗame yake, ba tsagewa. Ya girgiza kawunan batir, ba wanda ya motsa, ba gishiri a kansu. Ya bi waya mai kauri da ke fitowa daga bayan altaneta da yatsunsa har inda hannu ya iya kaiwa. Sannan ya ce a tayar. Ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai allura ya ɗora a kan batir. Allura ta tsaya a sha biyu. Ya ce a taka mai, ta ƙi motsi, alhali lafiyayyar altaneta sai ta kai ta sha huɗu. Ya dafa sukundireba ya lumshe ido. Akwai gurnani siriri ta gaba, boris ya bushe. Can ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan kuka da ke tashi da tashin inji, wanda ya san ba na ƙarfe ba ne, na wuta ne, dayod ɗaya, cikin 'yan abubuwan da ke daidaita wutar altaneta, ya mutu.

"Ciwo uku ne," ya ce. "Biyu na ji su. Na ukun zan gani in na buɗe, amma na san shi."

Fitar da altanetar ya zama aiki. Masu ƙera motar sun cusa ta a wani lungu kamar ba sa son kowa ya sake ganinta. Sai da ya cire robobi huɗu, ya kwanta a ƙasa, bayan hannunsa ya gurje har jini ya tsattsafo. Auta ta ce ya tsaya ta wanke masa, ya ce ta bari sai an gama.

A kan benci kuwa ya zama ɗan gida. Ya yi wa jikinta alama da ƙusa don ya mayar daidai, ya kwance dogayen kusoshin, ya raba ta biyu. Ga ciwo na uku nan: burushin, 'yan gawayin nan biyu da ke gogar zoben tagulla su ba ta wuta, sun cinye saura ɗan guntu, ɗaya ma ba ya taɓa zoben sai ya ga dama. Ya kira Auta ya ɗora mata su a tafin hannu.

"Ga abin da ya sa masu gadi suka tura ki."

"Wannan ɗan abin, Baba?"

"Shi. A tsallake kuma saboda shi za su jefar da ita gaba ɗaya."

Ya jawo gwangwanin madara da yake tara burushi a ciki tun kafin a haife ta, ya zaɓi biyu, ya rage su da magagari a hankali har suka shiga gurbinsu suna zamewa ba tare da sun yi rawa ba. Ya liƙa wayoyinsu da dalma. Ya goge zoben tagulla da samfefa mai laushi har ya koma ja yana sheƙi. Ya bi dayod ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji, ya sami mataccen a inda kunnensa ya ce, ya sauya. Ya fitar da busasshen boris ya buga sabo. Da ya haɗa ta ya juya da hannu, ta juya ba ƙara ko kaɗan. Rabon da ya ji daɗin ransa haka har ya manta. Mai walda ya kashe wutarsa ya zo kallo, mai faci ma ya baro tayarsa cikin ruwa.

Bayan azahar ya mayar da ita. Aka tayar. Jan hoton batir ya ɗauke. Allura ta haura ta zauna a sha huɗu daram, aka kunna fitilu da fanka ba ta sauko ba. Auta ta tafa hannu ta dubi mijinta, irin kallon nan da ba sai an fassara ba.

Aiki ya ƙare a nan. Mita ta faɗi duk abin da ake bukatar ji. Da a ce ya rufe bonet ya wanke hannu, da ya koma gida a ranar ya fi kowa a layin tsayi. Sai mai faci, wanda bakinsa bai taɓa gyara komai ba a duniya, ya ce, "Kunne, saura hatimi." Ba za a ɗora masa laifin duka ba, don kafin ya rufe baki sifana tana hannun Kunne.

"Baba," in ji Ɗan Ofis a hankali, "da dai an bar ta haka. Na ji an ce irin waɗannan ba sa son a cire musu kan batir suna aiki."

"Wa ya faɗa maka?"

"A waya na gani."

"A waya," in ji Kunne. Mai faci ya yi dariya.

Shi kansa ya taɓa jin maganar, ba sau ɗaya ba. Ya ɗauke ta a cikin surutun 'yan tsallake, masu tsoron taɓa mota da hannu. Kuma irin waɗannan motocin ba sa zuwa rumfarsa balle ya gwada. Duk da haka hannunsa ya ɗan tsaya a kan sifanar. Ya dubi Auta.

"Ƙyale shi," ta ce wa mijinta. "Ya san abin da yake yi."

Ya sassauta, ya zare, ya ɗaga sama. Numfashi ɗaya, biyu, inji na aiki. Ya buɗe baki, "Ga ta nan, da ƙafarta..." Fitilun gaba suka yi fari fat, ta hagu ta yi 'yar ƙara ta mutu. Allurorin dashbod suka yi tsalle suka faɗi. Inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Wani wari ya taso, ba na ƙonanniyar waya ba, wanda ya sani kamar warin rigarsa. Wannan siriri ne, daga can ƙarƙashin dashbod yake fitowa.

Ya mayar da kan batir ya ɗaure, ya ce a murza makulli. Sitata ta juya, ta juya, inji bai amsa ba. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya sauya biyu da suka ƙone. Aka sake murzawa, shiru. Ya ɗauki sukundirebarsa ya kai kunne, ya rasa inda zai dafa bakinta, don abin da ya lalace ba ya juyawa balle ya yi ƙara. Mai walda ya koma rumfarsa ba sallama. Mai faci ya tuna da tayarsa.

Da la'asar aka tura motar aka tsallaka titi da ita. Auta ta riƙe sitiyari, Ɗan Ofis da Kunne suna turi ta baya. Tun da aka buɗe shagon nan bai taɓa taka ƙofarsa ba sai ranar.

Mai shagon sa'an babban ɗansa ne, mutum mai natsuwa. Da ma ya yi rashin kunya, da Kunne ya sami abin riƙewa. Sai ya gaishe shi da girmamawa, ya ba shi kujera, ya jona kwamfutarsa, ya ɗan jima, ya ce, "Ƙwaƙwalwar ta ƙone. Wuta ce ta yi mata yawa lokaci ɗaya. Batir ne ke shanye irin wannan tsallen wutar, in babu shi sai ta zarce kan ƙwaƙwalwar. An cire kan batir tana aiki ne?"

Rabin layin ya ga abin da ya faru.

"Ni ce," in ji Auta. "Na taɓa shi ban ɗaure da kyau ba, ya fita da kansa."

Auta da ba ta san sifana lamba goma daga lamba sha biyu ba. Mai shagon ya dubi hannunta, ya dubi gurjajjen hannun Kunne, ya ce, "Yakan faru." Kunne ya so ya ce shi ne. Amma ya bar 'yarsa ta yi ƙarya dominsa a gaban baƙo, kuma wannan ya fi ƙonewar ƙwaƙwalwar ci masa rai.

"Altanetar ma za mu sauya," in ji mai shagon. "Tun da an buɗe cikinta, ba za mu iya tsaya mata ba."

Bayan kwana biyu Kunne ya zagaya bayan shagon da sassafe, ya tsince ta a cikin tarkacen ƙarafa. Ya kawo ta benci, ya ɗaura mata bel da tsohon injin gwajinsa, ya sa mita. Sha huɗu. Ya goge ta, ya naɗe da tsumma mai tsabta, ya ɗora a kan kantar rumfa.

Motar ta yi mako uku a tsallake ana jiran ƙwaƙwalwa, yana ganinta daga benci kullum. Auta ta koma layin bas. Ba wanda ya ce masa uffan. Ɗan Ofis ya ƙara ladabi a gaisuwa, 'ya'yan maza suka yi kamar ba su ji ba, mai faci ya daina zolaya. Matarsa ce kaɗai ta ce, tana miƙa masa abinci, "Da zaginka suka yi da ka fi cin abincin nan."

Auta ba ta fasa zuwa ba. Duk Asabar ta biyu takan leƙo rumfar, ta zauna a benci ta ba shi labarin asibiti. Abu ɗaya ne ya ɓace daga bakinta, ba ta ƙara cewa babanta na jin ciwon mota ba. Ya yi ta jira ta faɗa ya yi mata tsawa.

Wata Asabar, bayan wata biyar, yana zaune ba aiki, ya ji injinta tun daga kwanar layin. Ya san shi. A samansa kuma akwai wani fito siriri da ke tashi in an taka mai, boris ɗin sabuwar altanetar ya fara ci tun ba a je ko'ina ba. Ya miƙe tsaye. Sai ya ji motar ta rage gudu tun can nesa, ta shiga bayan katangar kantin magani, aka kashe ta. Ya koma ya zauna. Jim kaɗan ga Auta a ƙafa, da leda a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ina motar?" ya ce.

"Tana gida, Baba. A tasi na zo."

Tana maganar tana tura makulli can ƙasan jakarta. Ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar altanetar da ke naɗe cikin tsumma a kan kantar rumfa. Aikin awa ɗaya ne, kuma ya san za ta yi shekaru ba ta yi kuka ba. Ya sauke idonsa.

Suka yi hirar yara, da ta ƙafar mahaifiyarta, da ta wata majinyaciya mai rigima. Da ta tashi tafiya ya raka ta bakin rumfa, iyakar inda ya ga tana so ya tsaya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ki faɗa wa mai tasin nan boris ɗin altanetarsa ya fara ci. Kada ya yi doguwar tafiya da ita." Ya dubi tsallaken titi. "Ya kai ta tsallake su sauya masa."

Ta tsaya ba ta juyo ba. Ya ga kafaɗarta ta motsa.

"To, Baba," ta ce.

Ya koma benci ya zauna. Ya ji an buɗe ƙofa a bayan katanga, an rufe, an daɗe ba a tayar ba. Sannan inji ya tashi, fiton ya bi ta ɗaya hanyar, wadda ba ta biyowa ta gaban rumfarsa, yana jin sa har ya sha kwana.